System interrupts a Windows: yadda kanel ke amsa kiran na'urorin kwamfuta

Tambaya daga wani matashi mai koyon gyaran laftof a Computer Village da ke Ikeja: "Malam, an kawo mana laftof tokumbo tana nauyi, sauti yana kakkatsewa, fanka kuma ba ta hutawa. Da na buɗe Task Manager sai na ga wani abu mai suna System interrupts yana cin kusan kashi 30 cikin 100 na firosesa, na yi ƙoƙarin kashe shi ya ƙi. Maigidana ya sa aka yi mata fomat, amma abin bai tafi ba. Wace manhaja ce wannan, kuma mene ne aikinta?"

Ɗan'uwa, abin da ka gani ba manhaja ba ce, ba kuma bairos ba ne, shi ya sa babu maɓallin da zai kashe shi. Layi ne da Windows ta ware domin ta nuna yawan lokacin da kanel, wato ɓangaren babbar manhaja mai hulɗa kai tsaye da sassan ƙarfe, ya ɓatar wajen amsa kiran na'urorin da ke cikin kwamfutar: kibod, faifai, katin Wi-Fi, katin sauti, tashoshin USB da sauransu. A lafiyayyar laftof da ba ta aikin komai, da wuya adadin ya haura kashi 1 ko 2. Idan ya tsaya a 30, to ko dai akwai na'urar da ke kira ba ƙaƙƙautawa, ko kuma akwai direba, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa wata na'ura, wanda idan an kira shi ba ya sakin firosesa da wuri. Fomat kuwa fayiloli yake sharewa, sannan ya mayar da direbobin nan a kan ƙarfen nan, don haka ba abin mamaki ba ne da matsalar ta dawo. Kafin ka iya kama mai laifin da kanka, sai ka san abin da ke gudana daga lokacin da na'ura ta yi kira zuwa lokacin da firosesa ya koma bakin aikinsa.

Tushen maganar tazarar gudu ce. Firosesa mai gigahaz 3 yana bugawa sau biliyan 3 a sakan ɗaya, alhali ƙwararren mai buga rubutu da ƙyar yake danna maɓalli 10 a sakan, ka ga ke nan tsakanin dannawa ɗaya da mai bi mata firosesa ya buga sau miliyan 300. Hanyoyi biyu ne kawai zai iya sanin an danna. Ko dai ya riƙa barin aikinsa yana leƙa kibod lokaci-lokaci, mafi yawan leƙen ya tashi a banza, idan kuma ya rage leƙen saƙo ya makara, ko kuma a bai wa na'urar damar katse shi a daidai lokacin da take da magana. Ta biyun ita ce katsewa, kuma a kanta aka gina duk babbar manhajar da kake ɗorawa a shago.

Na'urori ba sa isa ga firosesa kai tsaye, akwai IC na musamman a tsakani mai tattara kiran yana jera shi. A kwamfutar IBM PC ta 1981 wannan aiki na Intel 8259A ne, mai layuka 8. A 1984 da aka fito da PC/AT sai aka haɗa guda biyu, na biyun ya shiga ta layi na 2 na na farkon, layukan da za a iya amfani da su suka zama 15. Daga nan lambobin layukan kira da ake ce wa IRQ suka samo asali, kuma wasunsu har yau suna nan yadda suke: 0 na agogon ƙidaya, 1 na kibod, 8 na agogon kwanan wata da ƙaramin batirin madabod ke riƙewa, 12 na maus, 14 da 15 na faifan IDE. Da na'urori suka yi yawa layukan suka kasa, sai aka riƙa ɗora biyu ko uku a layi ɗaya, abin da zan dawo kansa domin a nan ake yawan samun fitina. Tun shekarun 1990 tsarin APIC ya maye gurbin 8259: kowace ƙwayar firosesa, wato kowane ɓangarensa mai gudanar da umarni da kansa (core), tana da nata ƙaramin APIC, sannan akwai I/O APIC a madabod, galibi mai ƙofofi 24, wanda kanel ke faɗa wa ƙwayar da zai kai wa kowane kira. Na'urorin PCI Express na yanzu ma ba sa buƙatar waya ta daban, ɗan gajeren saƙo suke rubutawa a wani adireshi na musamman, wannan rubutun shi ne kiran. Tsarin MSI yana bai wa na'ura ɗaya lambobi har 32, MSI-X kuma har 2048, shi ya sa faifan NVMe ke iya ware wa kowace ƙwaya nata layin jira da nata kiran.

Bari mu bi maɓalli ɗaya, harafin A a kibod ɗin jikin laftof, domin a yawancin laftof wannan kibod ɗin har yanzu tsohuwar hanya yake bi. Ƙaramin kwantirolan madabod da kuke kira EC shi ke zagaya layukan maɓallai, da ya ga an danna A sai ya ajiye lamba 0x1E a tashar 0x60, ya ɗaga IRQ 1. I/O APIC ya duba teburin da kanel ya rubuta masa, ya ga ƙwayar da aka zaɓa da lambar shigar da aka ware wa wannan layi, ya aika. Idan ka ɗaga yatsa kuma sai a sake wani kiran da lamba 0x9E, wato kowane harafi katsewa biyu yake ci.

Firosesa ba ya jefar da umarni a tsakiya. Sai ya kai gaɓar umarnin da ke hannunsa, sannan ya duba wata tuta mai suna IF a cikin rajistar tutoci, rajista kuwa ɗan gurbin ajiyar lamba ce a cikin firosesa. Idan tutar a sauke take, kiran zai jira. Idan a ɗage take, sai ya karɓi lambar shigar, wadda ke tsakanin 0 da 255, ya nemi gurbinta a teburin IDT, tebur mai gurabe 256 da kanel ya cika tun lokacin tashin kwamfuta, kowane gurbi yana ɗauke da adireshin da za a je. Gurabe 0 zuwa 31 Intel ta keɓe su ga abubuwan da suka shafi firosesa kansa: 0 na raba lamba da sifili ne, 14 na neman shafin ƙwaƙwalwar da ba ya nan, 2 kuma na NMI, kiran gaggawa wanda sauke tutar IF ba ya tare shi. Na'urori daga 32 suke farawa. Idan a wannan lokacin Chrome ne ke gudana, firosesa zai tashi daga matakin manhajojin yau da kullum zuwa matakin kanel, ya bar ma'ajiyar aikin Chrome ya koma ta kanel, domin ba a yarda da ma'ajiyar da manhaja ke iya ɓatawa ba, ya ajiye abubuwa biyar da suka haɗa da adireshin umarnin da aka tsaya a kansa da yanayin tutoci, ya sauke IF, sannan ya faɗa adireshin da ya samo a tebur. Duk wannan ƙarfe ne ke yin sa, kanel bai ce uffan ba tukuna.

Aikin farko na kanel shi ne kwashe sauran rajistocin ya adana, domin firosesa mai bit 64 yana da manyan rajistoci 16, kuma Chrome yana tsakiyar lissafi da su. Sharaɗin gaba ɗaya shi ne manhajar da aka katse kada ta san an katse ta, domin rajista ɗaya ta dawo da wata lamba daban, lissafin da ke bayanta duka ya lalace, kuma babu wanda zai san daga ina ɓarnar ta fito. Bayan haka kanel ya nemo direban da ya yi rajistar wannan layi ya kira shi. A Windows direban kibod ɗin shi ne i8042prt.sys, kuma abin da yake yi kaɗan ne: ya karanta tashar 0x64 ya tabbatar akwai saƙo, ya ɗauki lambar daga 0x60, ya sa ta a layin jira, ya bar sallahun cewa a ƙarasa daga baya, ya fita. Sai kanel ya aika wa APIC alamar EOI, ma'ana an gama da wannan, domin idan ba a aika ba APIC zai ci gaba da riƙe duk kiran da bai fi wannan matsayi ba. Daga nan a mayar da rajistoci, umarnin iretq ya mayar da firosesa inda ya tsaya. Sai dai kafin komawar kanel yakan duba ko katsewar ta tayar da wani aikin da ya fi cancantar lokaci, idan akwai shi sai a ba shi, Chrome ya ɗan dakata. Wannan dubawar ce ke sa harafi ya bayyana a allo nan take ko da kwamfuta na cikin aiki mai nauyi.

Kowane zagaye irin wannan 'yan maikrosakan yake ci, maikrosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Akwai kuma ɓoyayyen kuɗi, domin direba yana ture bayanan manhaja daga ƙaramar ƙwaƙwalwar cikin firosesa, sai an sake ɗebo su daga RAM. Tun Janairun 2018 da aka bayyana raunin Meltdown kuɗin ya ƙaru a firosesocin Intel na wancan zamani, saboda an raba teburin adireshin kanel da na manhajoji, duk shiga da fita sai an sauya tebur. Waɗanda suka girmi zubi na huɗu na Core, wato Haswell na 2013, su suka fi jin jiki. Wannan ba ya kai adadin zuwa 30 shi kaɗai, amma yana sa ƙaramar matsala ta yi girma.

Akwai dokar da duk mai rubuta direba ya haddace, ita ce mai amsa katsewa ba ya barci kuma ba ya jira. Dalilin shi ne ba shi da gurbin kansa a jerin mai rabon lokaci, wato ɓangaren kanel da ke raba wa manhajoji lokacin firosesa, aron lokacin wata manhaja ya yi wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, don haka idan ya tsaya jira babu wanda za a kwantar a tayar, ƙwayar ce kawai za ta daskare. Saboda haka ba ya jiran faifai, ba ya taɓa ƙwaƙwalwar da mai yiwuwa an kwashe ta zuwa faifai, ba ya kama makullin da ke kwantar da mai nema, makulli a nan alama ce da ke hana ayyuka biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda. Hatta makullin da ba ya kwantarwa yana da tarko. A ce direba yana riƙe da makullin layin jiransa a aikinsa na yau da kullum, sai katsewa ta faɗo a kan wannan ƙwayar, mai amsawa ya nemi makullin nan. Mai riƙe da shi ba zai ci gaba ba sai mai amsawa ya fita, mai amsawa kuma ba zai fita ba sai an saki makulli, kwamfuta ta tsaya cak. Maganin da Linux, wata babbar manhaja kamar Windows, ta tanada shi ne spin_lock_irqsave, wanda ke rufe katsewa a wannan ƙwayar kafin ya kama makulli, ya buɗe bayan ya saki.

Windows ta tsara wannan doka a matakai da take kira IRQL, daga 0 zuwa 15 a tsarin bit 64. Manhajoji suna mataki na 0, ayyukan da aka jinkirta suna na 2, na'urori suna sama da haka, agogo yana na 13, kuma na sama yana iya katse na ƙasa amma na ƙasa ba ya katse na sama. Direban da ke mataki na 2 ko sama, idan ya taɓa adireshin da babu shi a RAM, babu damar jiran faifai, sai Windows ta gwammace ta tsayar da komai. Wannan shi ne shuɗin allon nan mai rubutun IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, lamba 0xA, ko ɗan'uwansa mai farawa da DRIVER, lamba 0xD1, wanda sau da yawa yake bayyana sunan fayil mai ƙarewa da .sys. Shawarata a nan ita ce ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ta sake tashi, domin wannan sunan yakan rage maka aikin yini guda.

To idan aikin da na'ura ta kawo yana da yawa fa, alhali an ce kada a daɗe? Sai a raba shi biyu. Ka ɗauka kana tsakiyar ɗora IC da bulowa a hannu sai kwastoma ya shigo da waya. Ba za ka ƙyale shi a tsaye ba, ba kuma za ka kwance wayarsa nan take ba, karɓa za ka yi, ka manna takarda mai sunansa, ka sa a layi, ka koma kan IC kafin dalma ta huce. Rabin farko na direba haka yake: ya tabbatar kiran nasa ne, ya kwashi abin da zai iya salwanta, ya sa na'urar ta yi shiru, ya fita. Rabi na biyu shi ke yin aiki mai tsawo, a lokacin da an riga an buɗe katsewa. A Linux wani nau'in wannan rabi na biyu ana ce masa softirq, iri 10 ne, cikinsu akwai na karɓar fakitin sadarwa da na aikawa da na faifai da na agogo, kuma ana gudanar da su ne daidai lokacin fita daga katsewa. Idan suka wuce milisakan 2 ko zagaye 10 ba su ƙare ba, sai a miƙa ragowar ga wani zare, wato aikin da ke da gurbinsa a jerin mai rabon lokaci, mai suna ksoftirqd, wanda kowace ƙwaya ke da nata, domin kada manhajoji su rasa lokaci gaba ɗaya. Aikin da dole sai ya jira kuwa ana miƙa shi ga zaren kanel na sosai, kuma tun fitowa ta 2.6.30 a 2009 direba na iya neman a ba katsewarsa zare nata. Tsarin PREEMPT_RT, wanda ya shiga babban kanel a fitowa ta 6.12 a Nuwamban 2024, kusan duk masu amsa katsewa yake mayarwa zare, domin injinan masana'antu da ba sa jure jinkiri.

A Windows rabi na biyun shi ne DPC, kuma layin da ka gani a Task Manager jimillar lokacin rabi biyun ne. Shawarar Microsoft ga masu rubuta direba ita ce rabin farko kada ya wuce maikrosakan 25, DPC kuma kada ya wuce 100. Daga nan za ka gane kakkatsewar sautin da ka ambata. Windows tana cika wa katin sauti ma'ajiyarsa kusan duk milisakan 10, mai cikawar kuma zare ne da ke mataki na 0, komai fifikon da aka ba shi. Idan direban Wi-Fi ya riƙe ƙwayar a mataki na 2 na tsawon milisakan 15, mai cikawar ba shi da ta cewa, ma'ajiya ta ƙare, lasifika ta yi ƙaras. Mutane da yawa a nan sukan sauya direban sauti ko ma lasifikar, alhali katin sauti wanda aka zalunta ne, ba shi ne mai laifin ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato ambaliyar katsewa. Kira iri biyu ne a waya. Akwai na ƙyaftawa, inda sauyawar wutar layin sau ɗaya ita ce kiran. Akwai kuma na riƙewa, inda na'ura ke riƙe layin a ɗage har sai direba ya rubuta mata cewa an ji, kuma wannan ne tsofaffin layukan PCI ke amfani da shi domin shi ke ba da damar na'urori da yawa su yi tarayya a layi ɗaya. A layin tarayya kanel ba ya sanin wa ya kira, sai ya bi direbobin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya leƙa na'urarsa ya ce nawa ne ko ba nawa ba ne. Idan na'urar da ta ɗaga layin ba ta da direba, ko an ɗora mata wanda ba nata ba, ko ta lalace ba ta jin umarnin yin shiru, to babu mai sauke layin. Da an aika EOI an koma, kiran ya sake faɗowa, haka sau dubbai a sakan. Linux tana ƙirga wannan: idan a cikin kira 100,000 fiye da 99,900 babu wanda ya amsa, sai ta rubuta "nobody cared" a littafin kanel ta rufe layin, na'urorin kirki da ke tarayya a kansa su ma su shiga wahala.

Ba kullum direba ne ke da laifi ba, musamman a Legas. Danshi da iskar teku suna cin ƙafafun tashar USB, ƙafa ɗaya da ta yi tsatsa ko ta lanƙwashe tana sa kwantirola ya riƙa ganin an sa an cire ba iyaka. Batirin da ya kumbura yana tokare allon taɓawa daga ƙasa. Ruwan damina da ya shiga kibod yana riƙe maɓalli. Caja mara kyau tana watsa hayaniyar lantarki da ke ruɗa allon taɓawa, shi ya sa za ka ga maus yana rawa sai an cire caja ya natsu. Akwai kuma hanyar ACPI, galibi a IRQ 9, wadda ta nan EC ke sanar da buɗe murfi, sa caja, yanayin batiri da zafi. Batirin da ke mutuwa ko kuskure a BIOS na iya sa sanarwa ɗaya ta riƙa maimaituwa, a Windows sai ka ga laifin ya faɗa kan ACPI.sys, alhali shi ɗan aike ne kawai. Game da USB kuma ka lura da abu ɗaya: na'urar USB ta gama-gari ba ta katse firosesa da kanta, kwantirolan USB ne ke tambayarta, maus na yau da kullum sau 125 a sakan, sannan shi ya yi kiran idan akwai saƙo. Don haka sunan kwantirola za ka gani, ba na na'urar ba, kuma kyamara da Bluetooth da mai karanta yatsa na cikin laftof galibi a kan USB suke ko da ba ka ga wayarsu a waje ba.

Kada ka ɗauka cewa katsewa ta fi leƙe a kowane hali. Layin sadarwa mai gigabit 1 yana iya kawo ƙananan fakiti kusan miliyan 1.49 a sakan, wato ɗaya a ƙasa da maikrosakan guda, idan kuwa kowanne zai zo da kiransa, firosesa zai ƙare a shiga da fita ba tare da ya isar da fakiti ko ɗaya ga manhaja ba. Masu bincike Jeffrey Mogul da K. K. Ramakrishnan sun yi bayanin wannan cuta a 1996. Maganin da Linux ta ɗauka, NAPI, haɗa hanyoyin biyu ne: fakitin farko ya zo da kira, direba ya rufe kiran katin, ya koma kwasa da kansa har 64 a zagaye, sai layin ya ƙare ya sake buɗe kiran. Duk wanda ke kula da sabar wani ofishi a Yaba ko Victoria Island, idan ya ga ƙwaya ɗaya ta cika da softirq sauran suna zaune, to kiran katin ne ya taru a wuri ɗaya, sai a rarraba shi da irqbalance ko ta fayil ɗin smp_affinity.

Katsewar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ta agogo, domin da ita kanel ke ƙwace firosesa daga manhajar da ta ƙi saki. A Windows tazararta ta asali milisakan 15.6 ce, manhajoji na iya neman a rage ta zuwa 1, a Linux kuma ana zaɓar tsakanin sau 100 zuwa 1000 a sakan. Idan babu aiki firosesa barci yake yi, kira ne kawai ke tayar da shi, kuma tun 2007 Linux ta daina buga agogo a ƙwayar da ke hutawa domin barcin ya yi nisa. Wayoyin Tecno, Infinix da itel da kuke gyarawa kanel ɗin Linux suke ɗauke da shi a ƙarƙashin Android, sai dai firosesan ARM ne, mai tsara kiran kuma GIC ake ce masa. Ambaliyar da ke hana fankar laftof hutawa, a waya ita ce ke sa batiri ya ƙare cikin dare jiki ya yi zafi alhali allo a kashe yake.

Hanyar bincike da na fi yarda da ita ita ce ka tayar da laftof ɗin da Linux daga filas, ba tare da ka taɓa faifanta ba, ka buɗe tagar rubuta umarni, wato terminal, ka rubuta watch -n1 cat /proc/interrupts. Za ka ga tebur: lambar layi a hagu, ƙidayar kowace ƙwaya a tsakiya, sunan direba a dama, irin su i8042, acpi, xhci_hcd, iwlwifi, nvme0q1, a ƙasa kuma LOC na agogo. Ka ɗauke hannunka daga kwamfutar ka zuba ido. Layin i8042 ya kamata ya tsaya har sai ka taɓa maɓalli. Wanda ka ga yana tsalle da dubbai kowane sakan ba tare da kana yin komai ba, shi ne. Idan acpi ne, ka duba fayilolin da ke /sys/firmware/acpi/interrupts ka ga wane gpe ne ƙidayarsa ta fita daban, sannan ka cire batiri ka gwada da caja kaɗai. Wannan gwajin yana raba gardama gida biyu: idan ambaliyar ta bayyana a Linux ma, to ƙarfe ne ko BIOS, idan kuwa a can shiru ne, direban Windows ne. A Windows ɗin sai ka sa manhajar LatencyMon ta nuna maka fayil ɗin .sys da ya fi cin lokaci, ko ka bi Device Manager kana dakatar da Wi-Fi, Bluetooth, kyamara, mai karanta kati da katin sauti ɗaya bayan ɗaya kana kallon adadin, amma kada ka taɓa kwantirolan faifai ko abin da ke ƙarƙashin System devices. Direban da za ka ɗora ya fito daga shafin kamfanin laftof ɗin na wannan samfurin, ba daga tarin direbobin da ake yawo da su a filas ba, domin ɗora na wani samfuri a kan wani yana cikin manyan musabbaban wannan ciwo. Na'urar da ta lalace a jikin madabod kuma kwastoma ba ya buƙatarta, kamar mai karanta yatsa, ana iya rufe ta a BIOS idan akwai zaɓin, a faɗa masa gaskiyar abin da aka yi.

Kafin duk wannan, ka leƙa shafin Performance ka ga gudun firosesa, domin kashi 30 ɗin kaso ne na abin da firosesa ke iya yi a wannan lokacin. Idan ka tarar ya maƙale a gigahaz 0.79 ko ƙasa da haka, to katsewa ta yau da kullum ma za ta yi kama da ambaliya. Zafi na jawo haka idan ƙura ta toshe mafitar iska ko man da ke kan firosesa ya bushe, laftof ɗin Dell kuma suna rage gudu da gangan idan ba su gane cajar da aka sa musu ba, abin da ke faruwa idan siririn tsinken tsakiyar kan cajar ya karye ko cajar ba ta asali ba ce. Ka shiga BIOS ka duba layin da ke nuna nau'in caja, idan ya ce bai san ta ba, ka ari ta asali mai watt ɗin da ya dace a shagon maƙwabci ka sake duba adadin.